Zaman AA na masu neman barin giya

Alcoholics Anonymous, wadda aka fi sani da AA, ƙungiya ce ta mutanen da giya ta fi ƙarfinsu, suke haɗuwa suna riƙe juna har su bari. Ba asibiti ba ce, kuma ba wa'azi ake zuwa saurare ba, duk mamban da ka gani a wurin shi ma ya ɗanɗana ya san yadda abin yake. Sharaɗin shiga ɗaya ne tak, mutum ya kasance yana son daina sha. Ba fom, ba kuɗin rajista.

An faro ta ne a 1935 a garin Akron na jihar Ohio a Amurka. Bill Wilson, wani dillalin hannun jari daga New York, ya je garin kan wata harkar kasuwanci da ta wargaje, yana otal sai ƙishin kwalba ya taso masa bayan 'yan watanni da ya yi bai sha ba, maimakon ya shiga mashaya sai ya kama buga waya yana neman wani mashayi irinsa da za su yi hira, aka haɗa shi da Dakta Bob Smith, likitan tiyata wanda shi ma giyar ta kusa gamawa da shi. Ranar 10 ga Yuni 1935 ce ake ɗauka ranar kafuwar ƙungiyar, wai ranar Dakta Bob ya yi kurɓin ƙarshe. A 1939 suka fitar da littafinsu mai ɗauke da matakai 12 da mutum zai bi don ya rabu da giya, a 1941 kuma labarin da Jack Alexander ya rubuta a mujallar Saturday Evening Post ya sa mutane suka yi ta tururuwa. Yau ana ƙiyasta mambobin sun kai kusan miliyan 2 a ƙasashe kusan 180.

Neman wurin da ake zaman AA ba wuya a inda ƙungiyar ta yi jijiya. Manyan birane suna da ofishin haɗin gwiwa mai layin waya, mambobi ne da kansu ke ɗauka, sai su faɗa maka unguwa da rana da lokaci. Akwai kuma manhajar Meeting Guide da ke nuna zaman da ya fi kusa da kai. Tun lokacin korona a 2020 zaman intanet ya yawaita sosai, ta Zoom da makamantansu, mutum na iya shiga daga ɗakinsa kyamara a kashe. Abin lura shi ne zaman iri biyu ne, akwai buɗaɗɗe wanda ko matar mashayi ko ɗalibi mai bincike zai iya zuwa, akwai rufaffe na masu matsalar kawai.

Shi kansa zaman ba wani armashi gare shi ba. Galibi ɗakin ƙasa ne na coci ko ɗakin taron unguwa da aka kama haya, kujerun ƙarfe masu ninkewa, butar kofi a gefe, awa ɗaya an tashi. Mai magana zai faɗi sunansa na farko kawai, ya ce shi mashayi ne, sai ya ba da labarinsa, ba mai katse shi kuma ba mai cewa ai da ka yi kaza. Wanda bai shirya magana ba ya yi shiru abinsa. Ana zagayawa da ɗan kwando kowa ya jefa abin da ya samu na haya da kofi, don ƙa'idarsu ce ba sa karɓar gudummawa daga waje. A wurare da yawa ana ba mutum ɗan kwabo na shaida in ya cika awa 24 bai sha ba, sannan kwana 30, kwana 90, har shekara. Sabon shiga kan nemi wani tsohon hannu ya zama jagoransa, wanda zai iya kira ko tsakar dare in zuciya ta fara raya masa.

Rufin asirin nan shi ne ƙashin bayan abin a ganina. A gari irin Kano inda giya ta haramta a addini da doka, mutum ya gwammace ya mutu da ciwonsa a ciki da a ji, shi ya sa zaman intanet yake da amfani ga irinsa.

Masu sukar AA sun fi tsayawa kan ambaton Allah da ke cikin matakan, duk da ƙungiyar ta ce ba ta bin wani addini. Daga nan aka samu wata ƙungiyar, SMART Recovery, a 1994, ta dogara kan dabarun ilimin halayyar ɗan'adam, su kuma Musulmi a Baltimore suka kafa Millati Islami a 1989 suka daidaita matakan da Alƙur'ani da sunna. Iyalan mashaya suna da tasu, Al-Anon, tun 1951. Nazarin 2020 na Cochrane, ƙungiyar da ke tattara binciken lafiya tana tantancewa, ya nuna tsarin AA da shirye-shiryen asibiti masu tura mutane cikinsa ba su gaza sauran hanyoyin ba wajen daina sha ɗungurungum, wani lokaci ma sun fi.

Sai dai wanda ya daɗe yana sha kullum, yanke giyar lokaci guda na iya jawo karkarwa, farfaɗiya da gane-gane, yawanci cikin kwana biyu zuwa uku, kuma yana iya kisa. Wannan aikin likita ne, a asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna ko Dawanau a Kano ake fara duba irinsa.