Ƙashi da ƙahon dabbobi a sana'o'in hannu na Sakkwato

Ƙashi da ƙaho da kofato su ne abin da ke saura bayan an yanka dabba, an feɗe ta, an kwashe nama. A Sakkwato masu sana'ar hannu na samun mafi yawansu daga hannun mahauta, kaɗan kuma daga maharba. Da su ake yin ƙotar wuƙa, da 'ya'yan carbi, da maɓallai, da ƙahon wanzamai. Abin da ake fara tambaya game da ƙashi a nan shi ne ko na yanka ne ko na mushe.

Tarihi

Tun da Muhammadu Bello ya kafa birnin wajen 1809, Sakkwato ta yi suna da fata fiye da kowace hajar dabba. Majema na jeme fatar jar akuya da bagaruwa, dukawa su ɗinka, fatake su ƙetara Sahara da ita har ta isa Turai, inda aka riƙa kiranta fatar Maroko saboda ta can ta biyo. A ayarin ƙarni na 19 akan haɗa fatun da hauren giwa da gashin jimina zuwa Tarabulus. Ƙashi da ƙaho kuwa kayan gida ne, ba su cika tafiya nesa ba.

Wanzami kan yanke kan ƙahon saniya, ya huda shi, ya kankare bakinsa har ya yi santsi don kada ya ji wa fata ciwo. Idan ya kafa shi a bayan mutum sai ya zuƙe iskar da baki, ya toshe hudar. Ƙahon gwanki kuma busa shi ake yi, a fada da wajen farauta.

Maharba na da tasu dabarar, wato burtu. Sukan ɗauki kai da bakin wannan babban tsuntsu, su busar, su ɗora a kan lanƙwasasshen icce da aka naɗe da fata. Maharbi ya ɗaura shi a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane, ya shiga ciyawa da rarrafe yana gyaɗa kai kamar tsuntsun na kiwo, har ya kusanci barewa ba ta ankara ba. Akwai masu sassaƙa kan gaba ɗaya da icce, ba sai an kashe tsuntsu ba.

Hukuncin fiƙihu

Mazhabar Malikiyya ake bi a Sakkwato, kuma a wajenta ƙashi da ƙaho da kofato da haƙorin mushe najasa ne. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda almajirai ke karantawa a zaure, ta halatta amfani da gashin mushe, ta kuma yarda a yi amfani da fatarsa idan an jeme, amma ba a salla a kanta, ba a kuma sayar da ita. Ƙaho da kofato da haƙori ta hana, hauren giwa kuwa ta ce makaruhi ne. Hanafawa na ganin ƙashin mushe mai tsarki ne.

A nan aka sha bamban da masu tara ƙasusuwa na Turai da Amurka. Su a wajensu dabbar da ta mutu da kanta, ko wadda mota ta buge, ita ce mafi dacewa, tunda ba a kashe ta don ƙashinta ba. Basakkwace kuwa abin da ya fi kwanta masa a rai shi ne ƙashin da ya fito daga mayanka, inda aka ambaci sunan Allah aka yanka dabbar don abinci. Carbin da za a shiga masallaci da shi ba a yin sa da ƙashin da aka tsinta a daji.

Inda ake samu

Dabbobin da ke shigowa daga kasuwanni irin su Illela, a kan iyakar Nijar, da Acida, su ke ciyar da mayankar birnin da shanu da raƙuma da tumaki da awaki. An fi son ƙashin ƙafar raƙumi, don yana da kauri da nauyi, idan aka goge shi kuma yakan yi fari kamar haure. Mafi yawan ƙashin mayanka ba ya zuwa hannun masu sassaƙa. Ƙona shi ake yi a niƙa, a sayar wa masu haɗa abincin kaji.

Gyara

Akan kankare nama, a fitar da ɓargo, a jiƙa ƙashin cikin ruwa na makonni ko a binne shi har ya tsarkaka. Tafasawa sosai na tura maiƙo cikin ƙashi, daga baya ya yi rawaya yana ƙarni. Zafin bazara, wanda kan wuce digiri 40 a Sakkwato, na tsattsaga shi, shi ya sa ake shanya shi a inuwa.

Dabbar da ta faɗi farat ɗaya jini na fita ta hanci ko dubura ba a taɓa ta. Alamar ciwon saifa (anthrax) ce, kuma ƙwayoyinsa kan yi shekaru da yawa a cikin ƙashi da fata. An samu ɓullarsa a Suleja a watan Yulin 2023.

Doka

Najeriya na cikin yarjejeniyar CITES ta 1973 kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, kuma Doka ta 11 ta 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016, ta hana ko ta taƙaita cinikin sassan namun daji da ke fuskantar ƙarewa. An haramta cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe a 1989. A Janairun 2024 gwamnati ta farfasa haure kimanin tan 2.5 a Abuja. Duk da haka ana ganin kawunan ungulu a shimfiɗar masu kayan magani, alhali tun 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Cinikin fatar jaki ya jawo ce-ce-ku-ce, har Tarayyar Afirka ta hana yanka jakai don fatarsu a Fabrairun 2024.

Cusa fata

Sana'ar cusa fatar dabba a tsayar da ita kamar tana da rai ba ta yaɗu a Sakkwato ba. An fi ganin ƙwarangwal da aka harhaɗa don koyarwa, irin wanda ɗaliban likitancin dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ke karatu da shi.