Ka faɗa wa kowa, ko ka janye hannunka: dokar kasuwar hannun jari

Wanda ya sayi hannun jari ya sayi ɗan yanki ne na kamfani. A ce an kasa kamfani gida miliyan ɗaya, kai ka mallaki dubu, to kashi ɗaya cikin dubu na kamfanin naka ne. Kana da ƙuri'a a babban taron shekara, kana kuma da rabo in shugabanni sun yanke shawarar raba riba. A yawancin ƙasashe doka ba ta tilasta musu rabon ba, suna iya mayar da ribar cikin harka, kai kuma ka zuba ido. Idan kamfanin ya durƙushe, masu bin sa bashi ba za su biyo ka gida ba, iyakar asararka abin da ka zuba. Birtaniya ta sa wannan kariya a doka tun 1855, kuma ita ce ta ba talaka ƙwarin gwiwar sa kuɗi a harkar da bai taɓa ganin ƙofarta ba. Sai dai ranar rabon abin da ya saura, kai ne na ƙarshen layi. Sai an sallami masu bashi kaf, sannan a waiwayo ka, galibi kuma tukunyar ta riga ta bushe.

Ba ka shiga kasuwar da ƙafarka. Sai ta hannun dillali mai lasisi, ko da kuwa dillalin manhaja ce a wayarka. Zai nemi shaidar ko kai wane ne kafin ya buɗe maka asusu, ba don yana zargin ka ba, dokar hana halasta kuɗin haram ce ta ɗora masa. Daga nan umarni iri biyu ne aka fi bayarwa. Ko dai ka ce "saya mini a yadda ake sayarwa yanzu", ko ka ce "kada ka wuce kaza". Na farko yana faɗawa nan take, amma ba ka san ainihin farashin ba sai an gama. Na biyu yana tsare maka aljihu, amma yana iya kwana bai samu mai sallamawa ba. A kowane lokaci akwai tayin masu saye mafi tsoka da kuma farashi mafi sauƙi da masu sayarwa za su sallama, na'ura ce ke haɗa su in sun dace. Kuɗinka kuwa ba kamfanin suke zuwa ba, sai dai in sayarwar farko ce. Bayan wannan, wani mutum ne irinka ya gaji da riƙo ya sakar maka.

Ciniki ya faɗa ba yana nufin an kammala ba. Akwai ranar da kuɗi da hannun jari ke sauya hannu a rijista. A Amurka, tun 28 ga Mayun 2024, ranar aiki ɗaya ce bayan ciniki, a da biyu ce. Indiya ta riga ta, ta gama komawa kan kwana ɗaya a Janairun 2023.

To ina doka ta fi sa ido? A kan abin da ka sani kafin ka saya. Bayan kasuwar New York ta rufta a Oktoban 1929, majalisar Amurka ta yi doka a 1933 wadda ta ce duk kamfanin da zai sayar wa jama'a hannun jari sai ya fito da takardar bayani: me yake yi, nawa yake samu, nawa ake bin sa, su wane ne ke jan ragamarsa, wane haɗari ke gabansa. A 1934 aka kafa hukumar SEC, mai sa ido kan kasuwar hannun jarin Amurka, don ta tsaya a kai, aka kuma wajabta rahoto lokaci zuwa lokaci. Ƙasashe da dama sun bi wannan salo. Abin da mutane ke yawan kuskure shi ne ɗaukar rijista da hukuma a matsayin shaidar cewa kamfani na da kyau. Sam. A Amurka ma a jikin takardar ake rubuta cewa hukuma ba ta ce a saya ba, ba ta ce kada a saya ba. Kamfani na iya rubuta cewa shekara biyar yana tafka asara, ya sayar da hannun jarinsa lafiya lau. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Laifin yana wurin wanda ya liƙe ramukan ya ce maka ƙwarya ce.

Daga nan ne dokar ciniki da bayanan sirri ta samo tushe, kuma a ganina ita ce ƙashin bayan amanar kasuwar. Shari'ar da ta fayyace ta ita ce ta Texas Gulf Sulphur, wani kamfanin haƙar ma'adanai na Amurka. A Nuwamban 1963 injiniyoyinsa suka haƙa rami kusa da Timmins a Kanada, suka ci karo da tagulla da wasu ma'adanai masu yawan gaske. Aka yi gum. Wasu shugabanni da ma'aikata suka shiga sayen hannun jarin kamfanin a ɓoye, wasu suka tsegunta wa na kusa da su. Da jita-jita ta yi ƙarfi a Afrilun 1964, kamfanin ya fitar da sanarwar da ta rage wa labarin armashi, kwana huɗu bayan haka ya fito ya amsa. Kafin tsakiyar Mayu farashin ya ninka fiye da sau uku idan aka kwatanta da Nuwamba. Ka tuna da wanda ya sayar da nasa a Janairu. Bai yi wauta ba, da abin da ya sani ya yi aiki, wanda ya saya a hannunsa ne ke riƙe da labarin da aka ɓoye masa. A 1968 wata kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka ta ce mai irin wannan sirri zaɓi biyu gare shi: ya bayyana wa kowa, ko ya janye hannunsa har labarin ya fita.

Sharuɗɗa biyu ake dubawa. Bayanin ya zama mai nauyi, wato irin wanda mai hankali zai so ya ji kafin ya saya ko ya sayar, kamar za a sayi kamfanin, ko ribar bana ta zube, ko an hana sabon maganinsa izini. Sannan ya zama bai fita ga jama'a ba. Dokar ba ta tsaya kan masu manyan kujeru ba. Akanta, lauya, mai buga takardun yarjejeniya, duk wanda aka ba amanar sirrin yana ciki. Wanda aka tsegunta wa ma yana iya shiga, in ya san ta haramtacciyar hanya labarin ya zo masa. "Ai ɗan'uwana ne ya faɗa mini" ba ta wanke mutum, sau da yawa ma ita ce hujjar da ake nema.

Ba a hana shugaban kamfani sayen hannun jarin kamfaninsa ba, ana ma son hakan. A Amurka sai dai ya sanar cikin ranakun aiki biyu, kowa ya gani, kuma in ya saya ya sayar cikin wata shida, ribar ta kamfani ce. Haka nan ba a hana ka fin wasu ƙwazo ba. In ka zauna ka tsefe rahoton shekara, ka gano abin da wasu suka tsallake, ribarka halaliyarka ce, domin ƙofar a buɗe take ga kowa.

Hukuncin ba wasa ba ne. A Amurka yana kaiwa ɗaurin shekara 20 da tarar dala miliyan 5 ga mutum ɗaya, ban da tarar da hukuma ke iya nema har ninki uku na ribar da aka ci. Masu yi suna ɗauka ba za a gane ba, alhali kasuwa tana ajiye sa'a da daƙiƙar kowane ciniki. Ranar 23 ga Satumban 2008, a tsakiyar rikicin kuɗi na duniya, daraktocin bankin Goldman Sachs suka amince ta waya da jarin dala biliyan 5 daga kamfanin attajirin Amurka Warren Buffett. Ɗaya daga cikinsu, Rajat Gupta, yana ajiye waya ya kira abokinsa Raj Rajaratnam mai asusun zuba jari na Galleon, ko minti ɗaya ba a yi ba. Saura 'yan mintoci a rufe kasuwa, Galleon ya kwashi hannun jarin bankin. Bayan an tashi aka sanar da labarin. Masu bincike suka jera lokacin taron, lokacin kiran da lokacin sayen, suka haɗa da muryar Rajaratnam da aka naɗa a wasu hirarrakinsa na waya. A 2011 aka yanke masa shekara 11 kan wannan da wasu cinikayya irinsa, Gupta kuma ya samu shekara 2 a 2012.