Waiwaye: Yadda Italiya ta kusa yin asarar Andrea Pirlo

A watan Janairun 2001, Inter Milan ta bai wa Brescia aron wani matashi ɗan shekara 21 da ta rasa yadda za ta yi da shi. Wasa huɗu kacal ya buga mata a Serie A a rabin kakar. Kocin da ya ajiye shi a benci kuwa shi ne Marco Tardelli, wanda watanni kaɗan kafin nan yaron ya ci masa ƙwallo biyu a wasan ƙarshe na gasar matasan Turai 'yan ƙasa da shekara 21, aka doke Jamhuriyar Czech da ci 2-1. Sunan yaron Andrea Pirlo. Shekara biyar da rabi bayan wannan aro, shi aka zaɓa gwarzon wasan ƙarshe na Kofin Duniya.

Laifin da ake gani a wurinsa a lokacin ba rashin iya taka leda ba ne, kowa ya san ya iya. Laifinsa shi ne ya taso a matsayin mai lamba 10 a daidai zamanin da ƙwallon Italiya ya juya wa masu lamba 10 baya.

Asalin abin daga Arrigo Sacchi yake. Bayan da AC Milan ɗinsa ta lashe kofin Turai a 1989 da 1990 da tsarin 4-4-2 na matsa wa abokin hamayya lamba, kociyoyin ƙasar suka rungumi salon kusan gaba ɗaya. A cikin wannan tsari kowa yana da layinsa, kowa sai ya yi gudu, babu gurbin wanda zai tsaya bayan 'yan gaba yana jiran a kawo masa ƙwallo ya nuna gwaninta. Manyan 'yan wasa sun ɗanɗana kuɗarsu. Gianfranco Zola ya bar Parma ya tafi Chelsea a 1996 saboda koci ya tura shi gefe. A shekarar da ta biyo baya, wannan kocin dai ya ƙi amincewa Parma ta ɗauki Roberto Baggio, don ba shi da inda zai sa shi. Baggio ya wuce Bologna ya zura ƙwallo 22 a kaka guda. Kocin na Parma shi ne Carlo Ancelotti, almajirin Sacchi, kuma daga baya ya fito fili ya ce ya yi nadamar wannan hukunci. A riƙe sunansa, zai dawo cikin labarin.

An haifi Pirlo ranar 19 ga Mayun 1979, ya tashi a Flero, wani ƙaramin gari kusa da birnin Brescia a arewacin Italiya. Kwana biyu bayan ya cika shekara 16, Brescia ta sako shi a wasan Serie A da Reggiana. A 1998 Inter ta saye shi, ya tarar da Ronaldo da Baggio da Djorkaeff da Zamorano, ga Taribo West a baya. Kociyoyi huɗu ƙungiyar ta canja a wannan kaka, babu wanda ke da natsuwar renon yaro. Aka tura shi aro Reggina, ya yi rawar gani, ya dawo, aka sake mayar da shi benci.

A Brescia ya faɗa hannun Carlo Mazzone, dattijon koci ɗan birnin Rum, mai zafin kai da faɗa a bakin fili, wanda ya ƙare rayuwarsa yana fafutukar hana ƙananan ƙungiyoyi faɗuwa. Mazzone yana da Baggio a lamba 10, kuma ba mai taɓa Baggio. Hanya mai sauƙi ita ce ya yi abin da Inter ta yi. Sai ya ja Pirlo baya, ya ajiye shi a gaban masu tsaron baya, wurin da aka saba sa ƙarfafa masu ƙwace ƙwallo da buga ƙafa. Lissafinsa mai sauƙi ne: a can gaba ana danne yaron kafin ya juya, amma a nan baya fili duka yana gabansa, yana da daƙiƙa biyu ko uku na ɗaga kai.

Ranar 1 ga Afrilun 2001 a Turin, Juventus na gaba da ci ɗaya, saura 'yan mintuna a tashi. Pirlo ya karɓi ƙwallo kusa da layin tsakiya, ya ɗaga kai, ya cilla ta sama ta tsallake 'yan bayan Juventus gaba ɗaya. Baggio na gudu, ƙwallon na saukowa ta bayan kafaɗarsa, da taɓawa guda ya kwantar da ita ya kuma kauce wa mai tsaron gida Edwin van der Sar, ya tura ta raga. Aka tashi 1-1. Har yau Baggio ake yabo idan an nuna ƙwallon, kuma ya cancanta, amma ni abin da nake kallo shi ne wanda ya aiko ta, da yadda ya auna saurin mai gudu tun daga tsakiyar fili. Wanda ke kan bencin Juventus ran nan yana kallo, Ancelotti ne.

Inter ba ta ɗauki darasi ba. A bazarar 2001 ta sayar da shi ga maƙwabciyarta AC Milan, da suke raba filin San Siro, shekara guda bayan haka ta ƙara mata da Clarence Seedorf. A Milan ma da farko benci ya ci gaba da ɗumamawa, domin ƙungiyar ta kashe maƙudan kuɗi ta sayo Rui Costa a wurinsa. Da aka kori Fatih Terim a Nuwamban 2001 aka kawo Ancelotti, sai a kakar da ta biyo baya aka koma ga dabarar Mazzone. Mutumin da ya ƙi Baggio saboda tsari, yanzu shi ne ya lanƙwasa tsari don ya haɗa Pirlo da Seedorf da Rui Costa, daga baya da Kaká, a fili ɗaya.

Wannan ba zai yiwu ba sai da Gennaro Gattuso, kuma duk wanda ya ba da labarin Pirlo bai ambace shi ba ya yi rashin adalci. Pirlo ba shi da gudu, ba shi da ƙarfin karo, idan aka ƙwace ƙwallo aka taso masa da sauri zai sha wuya. Gattuso ne ke share masa gida, yana bin duk wanda ya nufo shi. Kamar makaɗi ne da ɗan amshi: ɗaya ake zuwa ji, amma idan ɗayan ya yi shiru waƙar ta watse. Da wannan haɗi Milan ta ɗauki kofin Zakarun Turai a 2003 da Serie A a 2004. A wasan ƙarshe na kofin Zakarun Turai a Istanbul a 2005 bugun tazarar Pirlo ne Paolo Maldini ya ci a mintin farko, aka je hutu 3-0, Liverpool ta farke duka, kuma a bugun fenareti mai tsaron gidanta Jerzy Dudek ya tare na Pirlo, Liverpool ta ɗauki kofin. A 2007 a birnin Atina suka rama, bugun tazararsa ya bugi jikin Filippo Inzaghi ya shige, aka tashi 2-1.

Tsakanin waɗannan biyu ne aka yi gasar Jamus. Italiya ta je Kofin Duniya na 2006 da abin kunyar Calciopoli na maguɗin alƙalan wasa rataye a wuyan manyan ƙungiyoyinta. Mutanen Ghana ba za su manta wasan farko ba, a Hanover ranar 12 ga Yuni, karonsu na farko a gasar: Essien da Appiah da Muntari sun riƙe tsakiya da kyau, har minti na 40, lokacin da aka miƙa wa Pirlo gajeriyar kwana ya narka ta daga wajen da'ira. A Dortmund, minti na 119 na wasan dab da na ƙarshe da Jamus, ƙwallo ta dawo masa a bakin da'ira, kowa na jiran ya buga. Ya riƙe ta, ya ja ta dama, idonsa na kallon wani wuri, ya zura ta tsakanin 'yan baya ga Fabio Grosso. A wasan ƙarshe da Faransa a Berlin, kwanarsa ce Marco Materazzi ya sa wa kai ya farke, shi kuma ya buga fenaretin farko ya ci. Kocin Italiya Marcello Lippi ya siffanta shi da jagoran da ba ya magana sai da ƙafa.

Abokan hamayya sun gano maganinsa, ko da yake ba kowa ke da mai haɗa shi ba. A 2010 Alex Ferguson ya ɗora masa Park Ji-sung, ya bi shi ko'ina a wasanni biyu, Manchester United ta yi waje da Milan cikin sauƙi. Wannan shi ne raunin gina ƙungiya a kan mutum ɗaya, kuma masu sukar salon suna da hujja a nan.

Massimiliano Allegri na cikin masu wannan ra'ayi. Da ya karɓi Milan a 2010 ya fi son ƙaƙƙarfa a gaban 'yan baya, Massimo Ambrosini ko Mark van Bommel. Pirlo ya yi fama da rauni, Milan ta ɗauki kofin Serie A ba tare da ta dogara da shi ba, shugabanni suka ga ai ɗan shekara 32 ya gama yayi. Bayan wasa 401, suka bar shi ya tafi kyauta. Karo na biyu ke nan wata ƙungiyar birnin Milan ta sake shi da hannunta. Adriano Galliani, wanda ke tafiyar da ƙungiyar a lokacin, ya amsa daga baya cewa wannan ne babban kuskurensa.

Juventus da ta ɗauke shi ta ƙare a mataki na bakwai kaka biyu a jere. Antonio Conte ya zo da niyyar buga 4-2-4, tsarin da babu wurin irin Pirlo a ciki, amma da ya ga abin da ke hannunsa sai ya sauya, ya kafa masa Arturo Vidal da Claudio Marchisio dama da hagu su yi masa aikin Gattuso. Kakar 2011-12 Juventus ta ɗauki kofi ba a doke ta ko sau ɗaya ba, Pirlo ya fi kowa ba da ƙwallon da aka ci a gasar, guda 13. Kofi huɗu ya ɗauka a jere, na ƙarshen a ƙarƙashin Allegri ɗin nan da ya ga ba ya buƙatarsa.

Fenaretin da ya buga wa Ingila a Kyiv a gasar Turai ta 2012 an fi yawan nuna shi a matsayin ado, alhali lissafi ne. A bugun fenaretin raba gardama Riccardo Montolivo na Italiya ya zubar da nasa, Ingila na gaba, mai tsaron gidanta Joe Hart na tsalle-tsalle a kan layi yana zare ido. Pirlo ya taho a hankali ya ɗago ƙwallon a tsakiya, ta faɗa raga Hart na kwance a gefe. Ashley Young ya biyo baya ya bugi turke, Buffon ya kama na Ashley Cole. Italiya ta wuce, amma Sifaniya ta lallasa ta 4-0 a wasan ƙarshe. Ya bar Juventus da hawaye bayan Barcelona ta doke su 3-1 a wasan ƙarshe na kofin Zakarun Turai a Berlin a 2015, ya yi sauran kwanakinsa a New York City ta Amurka, ya rataye takalmi a 2017. Ya buga wa ƙasarsa wasa 116, ya ci ƙwallo 13.

Aikin koci bai karɓe shi kamar yadda fili ya karɓe shi ba. Juventus ta naɗa shi kocin matasanta a ƙarshen Yulin 2020, bayan kwana tara ta ɗora shi a kan babbar ƙungiya, bai taɓa jagorantar wasa ko ɗaya ba. Ya ci Coppa Italia da Supercoppa, amma ya ƙare na huɗu, jerin kofuna tara na Serie A ya tsinke a hannunsa, aka sallame shi. A ganina gaggawar ta shugabannin ce, ba tasa ba. Ya yi Fatih Karagümrük a Turkiyya da Sampdoria, babu inda ya daɗe.

Tun da ya tafi Italiya ke neman magajinsa. An kira Marco Verratti da sunan, amma ya bar Pescara ya tafi Paris tun yana ɗan shekara 19, bai taɓa buga Serie A ba. Jorginho ya fi kowa kusantar gurbin, da shi aka ɗauki kofin Turai a 2021, sai dai gwaninsa gajeren ba-ni-in-ba-ka ne, ba shi da doguwar cillawar da ke raba 'yan baya gida biyu. Sandro Tonali ya fito daga Brescia da dogon gashi, 'yan jarida suka liƙa masa sunan tun bai kai shekara ashirin ba, shi kuwa ya ce gwaninsa Gattuso ne, kuma wasansa ya tabbatar da hakan a Milan da Newcastle. Ƙasar da ta ɗauki Kofin Duniya sau huɗu ta kasa zuwa na 2018 a hannun Sweden, ta kasa zuwa na 2022 a hannun Macedonia ta Arewa, wasanni uku da ta yi ta riƙe ƙwallo a gaban 'yan bayan da suka tare ƙofa, ba ta ci ko ɗaya ba.