Waiwaye: Tambayar da Aka Daina Yi wa Masu Bi

Duk inda Kiristoci suka zauna yanzu suna tattauna halin da ikkilisiya take ciki, da wuya a tashi ba a taɓo maganar sanyin zuciya ba. Majami'u na cika ranar Lahadi, kiɗa na tashi, taron farkawa na bin bayan taron farkawa, amma kukan ɗaya ne a bakin kowa: mutum ya ba da ransa ga Almasihu da hawaye, kafin shekara biyu addu'a ta zame masa aikin dole, Littafi Mai Tsarki kuma sai Lahadi-Lahadi. Masu muhawara sun rarrabu. Wasu sun ɗora laifin a kan wayar hannu, wai ita ta cinye lokacin da ake keɓe wa Ubangiji da asuba. Wasu sun ce wa'azin neman arziki ne ya mai da sujada ciniki. Wasu kuma suna nuna shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe majami'u, mutane suka saba da kallon sujada daga gida, da yawa ba su sake komawa ba.

Ban ƙaryata ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagewar nan ta girmi wayar hannu da shekaru masu yawa.

Cewa zuciyar mutum kan yi sanyi ga Allah ba sabon labari ba ne. Umarnin da ke Maimaitawar Shari'a 6:5, na ƙaunar Ubangiji da dukan zuciya da dukan rai da dukan ƙarfi, an ba da shi ne ga mutanen da suka riga suka yi ɗan maraƙin zinariya. Iliya ya tsaya a Dutsen Karmel yana tambayar Isra'ila har yaushe za su zauna da zuciya biyu. Yesu ya yi misalin irin da ya faɗi cikin ƙaya, ya tsiro, sannan damuwar duniya da ruɗin dukiya suka shaƙe shi. Ƙarni na farko bai ƙare ba sai da aka gaya wa ikkilisiyar Afisa cewa ta bar ƙaunarta ta fari, aka ce wa ta Lawudikiya ba ta da zafi ba ta da sanyi. A tsanantawar da aka yi wa Kiristoci a shekara ta 250, da masu bi da dama suka musanci bangaskiya, Sifiriyan, bishop na Kartaj a Arewacin Afirka, ya ce dogon zaman lafiya ne ya sassauta su tun kafin gwaji ya zo. Bayan shekara ta 313, da Kiristoci suka sami 'yancin sujada a daular Rum, jama'a suka yi ta tururuwa zuwa ikkilisiya, masu ƙishin Allah kuwa suka yi ta fita hamadar Masar suna bin sawun Antoni, wanda ya keɓe kansa a can domin addu'a. Gyaran ikkilisiya na 1517 ma, bayan ƙarni ɗaya da rabi sai ga wani fasto, Filibus Spener, a Frankfurt ta Jamus, a 1670, yana tara mutane kaɗan-kaɗan a gidansa domin koyarwa ta daidaitu amma zukata sun bushe.

Duk wannan sananne ne, ana jinsa a wa'azi. Abin da ba a cika ambata ba shi ne wani ƙaramin tsari da ya riƙe dubban talakawa cikin bin Allah har fiye da shekara ɗari, sannan ya shuɗe a hankali ba tare da an yi masa makoki ba.

Ya fara ne daga maganar bashi. A watan Fabrairu na 1742, mabiyan John Wesley, mai wa'azin da ya kafa ɗarikar Methodist, a garin Bristol na Ingila suka zauna neman yadda za su biya bashin ɗakin taron da suka gina. Wani daga cikinsu da ake kira Kyaftin Foy ya ba da shawara kowa ya riƙa ba da kwabo ɗaya duk mako. Aka ce ai akwai waɗanda ba su da ko kwabon. Sai ya ce a haɗa shi da mutum 11 mafi talauci, zai riƙa zuwa gidajensu kowane mako, wanda ba shi da shi kuma shi zai biya masa. Sauran ma suka yi haka, aka rarraba jama'a rukuni-rukuni na mutum 12, kowane rukuni da shugabansa. Wannan rukunin ne aka kira aji.

Ba a daɗe ba masu karɓar kwabon suka fara dawowa da abin da ya fi kwabo. Wanda ya shiga gidan mutum duk mako zai ga abin da mai wa'azi ba ya gani daga bagadi: wane ya koma shan barasa, wance da mijinta ba sa magana, wane ya kwanta ciwo babu mai duba shi. Wesley ya gane cewa abin da ya daɗe yana nema ne ya faɗo masa. Da bin gida-gida ya yi wuya, domin da yawa barori ne da ke zaune a gidajen iyayen gidansu, wasu kuma danginsu ba sa son ganin baƙin, sai aka mai da abin taro: mutum 12 a ɗaki ɗaya, sau ɗaya a mako. Dokokin da aka rubuta a 1743 sun fayyace aikin shugaban aji. Ya ga kowane mutum nasa aƙalla sau ɗaya a mako, ya tambaye shi yadda ransa yake a gaban Allah, ya ba da shawara, ko ya tsawata, ko ya ta'azantar, ko ya ƙarfafa, gwargwadon buƙata, sannan ya karɓi abin da aka kawo domin matalauta.

A dubi yadda taron yake. Ɗaki ne na kowa da kowa, wani lokaci madafa, wani lokaci bayan shago. Masu haƙar kwal, masaƙa, masu wanki, bayan doguwar rana ta aiki. A yi waƙa, a yi addu'a, shugaba ya fara faɗin yadda nasa makon ya kasance, inda ya tsaya da inda ya faɗi. Sannan ya juya ga mutum na farko, ya kira sunansa, ya tambaye shi. Ba wa'azi ake yi ba, ba darasi ake koyarwa ba. Shugaban kansa sau da yawa ba mai zurfin karatu ba ne, akwai mata da yawa a cikinsu. Yana riƙe da takarda mai sunayen mutanensa, yana sa alama ga wanda ya zo da wanda bai zo ba. Duk wata uku ana sabunta wa kowa ɗan katinsa na zama memba, wanda kuwa ya yi watsi da aji ba a sabunta masa. Mai bi ya san cewa duk abin da ya same shi ranar Talata, akwai wanda zai dube shi ido da ido kafin mako ya zagayo ya tambaye shi.

Akwai wani lissafi da Wesley ya rubuta a 1743 wanda ya kamata masu muhawarar yau su gani. A Newcastle an cire mutum 64 daga cikin jama'ar. Mutum 17 saboda buguwa, 3 saboda faɗa, 3 saboda ƙarya, 1 saboda dūkan matarsa, da sauransu. Amma kaso mafi girma, mutum 29, an cire su ne saboda sakaci da rashin ɗaukar abin da muhimmanci. Wato sanyin zuciyar nan da muke kuka da shi, a lokacin ana ganinsa da wuri, ana kiransa da sunansa, tun bai kai ga babban zunubi ba. Mutum na iya cewa hukuncin ya yi tsauri, ni ma ina ganin haka a wasu wuraren. Abin da ba za a musa ba shi ne an san su, an san halin da suke ciki.

Bayan shekara 20, a watan Agusta na 1763, Wesley ya zaga yankin Pembrokeshire na Wales, inda aka yi shekaru ana zazzafan wa'azi amma ba a kafa irin waɗannan rukunoni ba. Ya rubuta cewa tara cikin goma na waɗanda suka taɓa farkawa sun koma barci fiye da dā. Hukuncinsa shi ne, wa'azi komai ƙarfinsa, in ba a haɗa waɗanda suka farka an rene su ba, haihuwar 'ya'ya ne domin mai kisa, wato Shaiɗan. Duk wanda ya taɓa ganin cincirindon masu ɗaga hannu a taron bishara, ya kuma nemi su bayan wata shida, ya san abin da ake nufi.

Lokacin da Wesley ya rasu a 1791 membobin sun haura 70,000 a Birtaniya da Ireland. A Amurka, kafin tsakiyar ƙarni na 19 sun wuce miliyan ɗaya. A can mai wa'azi a kan doki yake yawo, sai ya yi makonni bai dawo gari ba, shugaban aji ne makiyayin yau da kullum.

To, yaya aka yi abin ya mutu? Babu wanda ya tashi rana ɗaya ya kashe shi, shi ya sa ba a tuna ranar. Abubuwa masu kyau ne ma suka ture shi. Ikkilisiyoyi suka yi ƙarfi, suka gina manyan majami'u, kowace ta sami fasto zaunanne, sai aka ga kamar kula da rayuka aikinsa ne shi kaɗai, alhali mutum ɗaya ba zai iya tambayar mutum 500 duk mako ba. Makarantar Lahadi, wadda ta bunƙasa tun shekarun 1780, ta ja ƙwararrun masu hidima zuwa koyarwa, ta kuma ba manya wani taron mai sauƙi: a zauna a tattauna aya, ba sai an buɗe ciki ba. Azuzuwa suka kumbura, mutum 12 suka zama 30 ko fiye, tambaya ta zama al'ada, amsa ta zama haddacciya, kowa na maimaita abin da ya faɗa makon jiya. Sannan ga arziki. Jikokin masu haƙar kwal sun zama 'yan kasuwa masu mutunci a gari, mai mutunci kuwa ba ya son zama kusa da yaron shagonsa yana faɗin inda ya kāsa. Wesley da kansa ya hango wannan a 1786, ya ce addini na kawo himma da tattali, su kuma su kawo dukiya, dukiya kuma ta kawo girman kai da son duniya, har a wayi gari da siffar ibada babu ikonta. A ƙarshe dokoki suka bi abin da ya riga ya faru a ƙasa: a 1866 a jihohin kudu na ƙasar Amurka, a 1912 kuma a Ingila, halartar aji ta daina zama sharaɗin zama memba.

Na daɗe a kan wannan tarihin ba don ina ganin ɗarika ɗaya ce ke da maganin ba. Kusan kowace al'adar Kirista tana da irin nata. A ƙarnonin farko mai neman baftisma kan yi har shekara uku ana koyar da shi, kafin a karɓe shi kuma a tambayi masu tsaya masa ko yana girmama gwauraye, ko yana ziyartar marasa lafiya. Wasu suna da furta zunubi a gaban firist, wasu ziyarar dattawa gida-gida kafin Jibin Ubangiji. Tushen duka ɗaya ne, yana cikin Ibraniyawa 3:13, inda aka ce masu bi su riƙa gargaɗin juna kowace rana, kada zunubi ya yaudari wani ya taurare masa zuciya. Marubucin bai ɗauka cewa mutum zai iya tsare zuciyarsa shi kaɗai ba. Labarin aji ya fi sauran bayyana ne kawai, domin an rubuta farkonsa da ƙarshensa, kuma yawancin ikkilisiyoyin bishara na yau, da sani ko ba sani, sun gāji rabin gādon: sun riƙe wa'azin farkawa da kiran tuba, sun saki renon da ke biye da shi.

Za a ce ai yanzu ma akwai ƙananan rukunoni, akwai zumunta a gidaje, akwai nazarin Littafi Mai Tsarki na tsakiyar mako. Gaskiya ne, kuma alheri ne. Amma a saurari tambayar da ake yi a cikinsu. Yawanci ita ce, me wannan ayar take koya mana? Mutum na iya amsa ta da kyau shekara goma, a yaba masa, alhali ya daina addu'a tun tuni, babu kuma wanda ya sani. Tambayar da ta ɓace ita ce wadda ba a iya amsa ta da ilimi: ɗan'uwa, yaya kake da Ubangiji a makon nan? Mun koma ƙirga kujeru da baiko da hannuwan da aka ɗaga, domin su ne ake iya gani daga gaba.

Saboda haka da wayar hannu ta zo, ta tarar da mai bi wanda ya riga ya saba ɗaukar rayuwarsa ta ruhaniya a matsayin sirrinsa, ba ruwan kowa. Da aka rufe majami'u a 2020, abin da aka rasa a wurare da yawa taron Lahadi ne, shi kuwa ana iya watsa shi ta intanet, aka kuwa watsa. Waɗanda ba su dawo ba bayan an buɗe, da yawansu ba gardama suka yi da bangaskiya ba, ba kuma wani ya ɓata musu rai ba. Sun yi mako huɗu, sun yi wata huɗu, ba wanda yake da sunansu a takarda, ba wanda aikinsa ne ya ƙwanƙwasa ƙofa. Masu neman a taƙaita waya ko a gyara wa'azi suna da hujja, sai dai ko an yi duka biyun, wannan aikin yana nan ba mai yi.