Gandun Dajin Ƙasa na Kamuku

Gandun Dajin Kamuku yana yammacin Jihar Kaduna, a ƙasar Birnin Gwari, kuma faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 1,120. Yana maƙwabtaka da dajin Kuyambana na Jihar Zamfara. Matafiyi daga Zariya yakan bi ta Funtuwa ya gangara hanyar Birnin Gwari kafin ya riske shi. Sunansa ya samo asali ne daga Kamukawa, waɗanda su da Gwarawa suka daɗe suna noma da farauta a yankin.

An fara keɓe dajin a shekarar 1936 a matsayin gandun En'e ta Birnin Gwari, gundumar da ta kasance cikin Lardin Zazzau a ƙarshen mulkin Turawa ba tare da tana ƙarƙashin Sarkin Zazzau ba. Manufar irin waɗannan gandaye a wancan zamani ita ce tsare itatuwa daga sara da sharar gona, shi ya sa doka da maje da taura suka samu sararin girma. Daga baya ya zama wurin kare namun daji na jiha. Nijeriya ta kafa gandun ƙasa na farko a Tafkin Kainji a 1979, ta ƙara wasu a 1991, sannan Dokar Soja mai lamba 46 ta shekarar 1999 ta ɗaga Kamuku tare da Okomu na Jihar Edo zuwa wannan matsayi, kulawarsu ta koma hannun Gwamnatin Tarayya.

Daga cikin namun da aka sani a dajin akwai giwa da gwanki da kanki da mazo da gada da mugun dawa da birai iri-iri. Akwai kuma Goron Dutse da Tsaunin Rema, wanda ya yi suna da yawan rema.

Sai dai kafa doka ya fi tsare daji sauƙi. Dokar ta haramta farauta da kiwo da saran itace da cinna wuta, alhali mutanen ƙauyukan da ke kewaye sun gaji cin moriyar dajin tun kaka da kakanni, makiyaya kuma sukan kutsa da shanu da rani su sassabe rassa domin ganye. Ma'aikatan gandu kaɗan ba su isa su kewaye fili mai wannan girma ba.

Babbar matsalar ta zo ne da ɓarayin shanu da 'yan bindiga, waɗanda suka mayar da duhuwar dajin maɓoya, suna ƙetarawa tsakanin Kaduna da Zamfara da Neja da Katsina. A 2015 gwamnonin jihohin yankin suka haɗa kai da sojoji domin fatattakarsu, aka ƙwato shanu masu yawa, amma rashin tsaro ya ci gaba, ya tsayar da masu yawon buɗe ido da masu bincike, ya kuma taƙaita sintirin ma'aikatan gandun.