Ƙarfin Motsa Jiki da Aikin Zuciya Bayan Gyaran Bawul ta Ƙaramar Tiyata

Zuciyar ɗan Adam tana da bawul huɗu da suke buɗewa su rufe da kowane bugu, domin jini ya bi hanya ɗaya kada ya koma baya. Wanda aka fi yi wa gyara shi ne bawul ɗin mitral, wanda yake tsakanin ɗakin sama da ɗakin ƙasa na hagun zuciya. Idan ya tsuke ko ya fara yoyo, jini yakan taru a huhu, sai mutum ya riƙa haki in ya hau bene ko ya ɗauki kaya, daga baya ma kwanciya rigingine ta gagare shi sai ya tara matasan kai.

A da, galibi akan isa ga bawul ɗin ne ta hanyar tsaga ƙashin ƙirji daga sama har ƙasa. A shekarar 1996 likitan tiyata na Faransa, Alain Carpentier, ya gyara shi ta ƙaramin yanka tsakanin haƙarƙari, yana kallon aikinsa ta kyamara. Daga baya aka samu hanyar da ba ta buƙatar yanka ƙirji ko kaɗan, inda ake zura siririn bututu ta jijiyar jini a gindin cinya har cikin zuciya, a maƙala ɗan maƙale da zai haɗa leɓɓan bawul ɗin biyu. Na'urar MitraClip, wato irin wannan maƙalen, wadda aka fara sa wa mutum a 2003, ta samu izinin amfani a Turai a 2008, a Amurka kuma a 2013.

Likitoci suna auna sakamakon ta fuska biyu. Ta fuskar jiki akwai gwajin tafiyar minti shida: majiyyaci zai yi ta kai da komowa a baranda mai tsawon mita 30, ana lissafa nisan da ya ci, kuma yana da damar tsayawa ya huta in numfashi ya sarƙe masa. Mai lafiya yakan ci tsakanin mita 400 da 700, ƙasa da 300 kuwa alama ce ta zuciya mai rauni. Akwai kuma gwajin keke da takunkumi a fuska, wanda yake auna iskar oksijin da jiki zai iya amfani da ita a ƙololuwar wahala. Ta fuskar zuciya kuwa, hoton eko, wato hoton zuciya da ake ɗauka da sauti, yana nuna kason jinin da ɗakin ƙasa yake fitarwa da kowane bugu, wanda ga mai lafiya yakan wuce kashi 50 cikin ɗari.

A nan ne ake yawan ruɗewa. Bayan an toshe yoyon, wannan kason yakan sauka, majiyyaci ya ga takardarsa ya zaci aikin ya lalace. Dalilin saukar shi ne, lokacin da bawul yake yoyo, zuciya tana da hanya mai sauƙi ta zubar da jini baya, don haka adadin yakan fito da kyau alhali tsokar ta fara gajiya. Da aka rufe wannan hanya, dole ta tura jinin duka gaba zuwa babbar jijiya, inda turjiya ta fi yawa, sai ainihin ƙarfinta ya bayyana. Jinin da yake isa ga sassan jiki kuwa yakan ƙaru, kuma cikin watanni ɗakin da ya kumbura yakan rage girma. Wannan ne ya sa ƙa'idojin likitocin zuciya suke so a yi gyaran da zarar kason ya sauko kashi 60, domin tsokar da ta daɗe a saki ba lallai ta koma yadda take ba.

Ƙanƙantar yanka ita kaɗai ba ta ƙara wa zuciya ƙarfi. Wani bincike da aka yi a Birtaniya kan mutum 330, wanda ya fito a 2023, ya kwatanta ƙaramin yanka da tsaga ƙirji, bai kuma sami wani bambanci na a-zo-a-gani a ƙarfin jiki bayan mako 12 ba, sai dai masu ƙaramin yanka sun riga barin asibiti da kimanin kwana ɗaya. Binciken COAPT na 2018, mai mutum 614 masu gazawar zuciya, ya nuna cewa bayan shekara ɗaya waɗanda aka sa wa MitraClip sun kusan riƙe nisan tafiyarsu yadda yake, waɗanda suka tsaya ga magani kaɗai kuwa sun yi asarar kimanin mita 60. Binciken MITRA-FR na Faransa a wannan shekarar bai ga amfanin ba, kuma masana da yawa sun danganta hakan da cewa zukatan majiyyatansa sun riga sun kumbura ƙwarai.

Ƙafafu ma suna da nasu rabon a cikin lamarin. Mutumin da ya shafe shekaru yana gudun wahala saboda haki, tsokokinsa sun yi sanyi, kuma gyaran bawul ba ya farfaɗo da su. Sai da atisaye a hankali ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya, ana ƙara nisa mako bayan mako, kafin ƙarfin ya dawo.

A ƙasar Hausa, kamar sauran Afirka kudu da Sahara, abin da ya fi lalata bawul ɗin yara da matasa shi ne ciwon maƙogwaro na ƙwayoyin cuta da ba a yi wa magani ba, wanda yakan bar tabo ya tsuke bawul. Ga irin wannan akwai balan-balan da likitan Japan, Kanji Inoue, ya bayyana a 1984, wanda ake hurawa a cikin bawul ɗin ya buɗe shi, faɗin ya kusan ninkawa, hakin ya ragu cikin kwanaki. Bayan aikin, majiyyaci yakan ci gaba da karɓar allurar fenisilin duk mako uku ko huɗu na tsawon shekaru, domin kada cutar ta dawo ta sake tsuke abin da aka buɗe.