Yurostomi da kula da ita a gida

Yurostomi ƙofa ce da likitoci ke buɗewa a fatar ciki domin fitsari ya riƙa fita ta nan, idan an cire mafitsara ko ta daina aiki. Sankarar mafitsara ce kan gaba wajen jawo wannan tiyata, sai raunin laka da nakasar da ake haihuwa da ita. Bakin ƙofar ana kiransa sitoma.

Tarihi

Tun a wajajen 1852 John Simon ya gwada karkatar da fitsari zuwa dubura a Landan. An daɗe ana bin hanyoyi irin wannan, amma ƙwayoyin cutar hanji kan hau su lalata ƙoda. A 1950 Eugene Bricker, likitan tiyata a St. Louis ta Amurka, ya yaɗa dabarar da ta fi karɓuwa har yau: a yanko guntun ƙaramin hanji mai tsawon santimita 15 zuwa 20, a haɗa shi da bututu biyun da ke saukowa daga ƙoda, a fito da bakinsa ta fata, galibi a ƙasan ciki ta dama.

Saura abin tarar fitsarin. Na farkon roba ne mai nauyi da ɗamara, ga yoyo. Wajajen 1954 Elise Sørensen, ma'aikaciyar jinya a Denmak, ta ƙirƙiro jakar leda mai mannewa a fata saboda 'yar'uwarta da aka yi wa tiyatar hanji. Daga nan kamfanin Coloplast mai ƙera irin waɗannan jakunkuna ya samo asali a 1957. Norma Gill kuwa, wadda ita kanta ke da sitoma, ta fara koya wa majinyata kula da kansu a asibitin Cleveland da ke Amurka a 1958.

Kula a gida

Sitoma ba ta riƙe fitsari, ɗiga yake dare da rana. Lafiyayyiya ja ce mai danshi, ba ta jin zafi, tana kuma raguwa cikin mako 6 zuwa 8 bayan tiyata, don haka ake yawan auna ta kafin a yanke ramin mannin da ke riƙe jakar a fata. Idan ramin ya yi faɗi, fitsari zai ci fata.

Ana juye jakar ta ɗan famfonta kafin ta wuce rabi, a sauya ta duk bayan 'yan kwanaki, an fi so da sassafe kafin a sha komai. Ruwan ɗumi ya isa wanki, sai a bari fatar ta bushe sarai. Da dare ana jona babbar jaka a ajiye ta ƙasa da gado. Farin yauƙi a fitsari ba cuta ba ne, hanjin ne ke fitar da shi.

Shan ruwa sosai na rage kamuwa da cuta. Amfanin ruwan kiranberi kuwa, wani ɗan itace ja mai tsami, masana ba su daidaita a kai ba.

Alamun haɗari

Zazzaɓi, ciwon kwiɓi, fitsari mai wari ko jini, tsayawar fitsari, ko sitoma ta yi baƙi: a nemi likita nan take.